Mai Fito a Ƙasar Masu Ɗaga Hannu

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta Badariya bayan la'asar, kafin a gama wanke kofi wani ya jefo tambaya: "Malam Sahabi, wai da gaske a cikin jirgin ruwa kuka kwana?" Na ba da labarin har ya fara tsawo da kansa. Jiya na ji wani yana faɗa wa wani cewa teku muka ƙetare da kwale-kwale. Shekara talatin da 'yan kai ina koyar da labarin ƙasa, ba zan zauna a mai da kanal teku a gabana ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Wanda ya sake tambaya, takarda zan miƙa masa in ci gaba da shan shayina.

Mu biyu muka yi tafiyar, ni da yayana Mainasara. Shi mai fito ne a mashigin da ke kusa da Gulma, aikin da ya gada wurin mahaifinmu. Ni boko aka tura ni, don tun ina ƙarami aka lura in na riƙe gwangwala jirgi kewaya yake yi wuri ɗaya. Gwangwala, ga 'yan birni, ita ce doguwar sandar da ake dogarawa a ƙasan gulbi a tura jirgi. Yaya ya ba saba'in baya, kuma da ita ya tsufa.

Wadda ta gayyace mu Kulu ce, 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya a Ingila. Kamar yadda ake yi da 'yar fari, ana yaye ta aka kawo ta gidana, ni na riƙe ta har na aurar. Ni take kira Baba, shi kuwa Baban Gulma. Yaya bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa yi mata magana kai tsaye ba in akwai wanda zai aika. Na yi tafinta tsakanin Hausa da Turanci sau da yawa, amma tsakanin Hausa da Hausa wurin waɗannan biyun kaɗai nake yi.

Gayyatar akwai dalili. Daminar bara, da gulbi ya cika, igiyar ruwa ta ƙwace jirgi daga hannun Yaya, ya faɗa ciki shi da buhunan gero. Allah ya kiyaye, babu rai a jirgin sai nasa, masunta suka tsamo shi. Labari ya isa Ingila kafin rigarsa ta bushe. Kulu ta kira ni tana kuka. "Baba, zan kawo ku nan. Zan kama mana jirgin ruwa na kwana huɗu, don na san ba ya sakin jiki sai a kan ruwa. Kafin mu sauka ka sa ya yi alkawarin ajiye gwangwala, kar ruwan bana ya same shi da ita. Idanunsa sun tafi, shi ya sa bai ga igiyar ba." Na ce to. A waya "to" ba ta da nauyi. Sai da na ajiye na tuna ban taɓa ce wa Yaya ya bar ko goro ba, balle gulbi.

Matsalar farko a tashar mota ta Birnin Kebbi ta same mu. Yaya ya iso daga Gulma ta hanyar Argungu da jaka uku, ta tufafi, da ta bandar kifi, da ta kilishi da man shanu. Bayansa ga Garba, babban ɗansa namiji, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ɗauke da gwangwala a kafaɗa, tsawonta ya fi motar.

Direba ya ce, "Baba, wannan fa ina za ta?"

"Inda za ni. An ce jirgi za mu shiga."

"Ai na sama ne, Baba."

"Bayan shi akwai na ruwa. Mai fito ba ya aron gwangwala."

Sai da fasinjoji suka sa baki ya haƙura. Ya ce wa Garba, "Ka kai ta gida ka jingine cikin inuwa. Jinginewa nic ce, ban ce ka taɓa ruwa da ita ba." Garba ya ce to, da muryar wanda ya shekara ashirin yana cewa to.

Na shirya zan buɗe maganar Kulu a Jega. A Jega muka tsaya cin abinci, kuma ba a kawo magana mai nauyi a kan tuwo. Na ɗaga zuwa Koko, a Koko taya ta fashe. A Yawuri ya ji labarin manyan jiragen Kwara masu inji, ya yi rabin awa yana bayanin cewa wanda inji ke turawa fasinja ne ko da shi ke zaune a baya. Na ga ba ranar ba ce. Muka shiga Abuja maganar na aljihuna yadda na fito da ita.

A jirgin sama, kowa ya sani, lokacin da ma'aikaciya ke nuna yadda ake sa rigar ruwa babu mai kallonta. Yaya kaɗai ya kafa mata ido har ta gama, ya laluba ƙarƙashin kujera ya tabbatar tasa na nan. Ya ce, "Sahabi, jirgin sama da rigar ruwa. Su ma sun san inda magana ka ƙarewa." Can da aka yi nisa ya tambaya ko matuƙin yana ganin mutanen da ke ƙasa. Na ce a'a. Ya ce, "To wanga wucewa yake yi, ba tuƙi ba."

A Landan kare ne ya fara tarbarmu. Ya zo ya zauna gaban jakar Yaya da ladabin ɗalibin da ya san amsa. Wata jami'a ta ce mu buɗe. Ta ɗaga kilishi ta ce nama ba ya shiga, man shanu ma haka. Ta juya banda, ta ga an feɗe an ƙyafe, ta mayar ta ja zif. Na zaci Yaya zai yi faɗa. Ya gyara hula ya ce, "Ka ce mata ta yi daidai. Ƙasar da ta tare nama ta ba kifi hanya, akwai masu hankali cikinta."

Kulu na jiranmu da mijinta Nasiru, Bakatsine, mai aikin kwamfuta, mutumin kirki wanda duk ruwan da ya sani na famfo ne. Ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ta gaida mahaifinta. Ya kalli rufin ginin ya ce, "Ka tambayi ɗiyarka ko abinci ne babu garin ga." Na tambaya. Ta ba ni amsa. Na mayar. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taki biyu ba.

Bayan mun huta muka tafi wurin jirgin. Ruwan kanal ne, irin na noman rani, sai dai ya fi faɗi kuma ba ya shayar da gonar kowa. Kakanninsu suka haƙa shi da hannu don ɗaukar kaya. Da jirgin ƙasa ya zo ya kashe kasuwar, jikoki suka mai da shi wurin hutu. Ba ya gudu, ba ya ambaliya, kuma a mafi yawan wurare in ka faɗa ciki abin da ake so ka yi shi ne ka miƙe tsaye.

Jirgin dogo ne siriri, kamar an ɗauki layin ɗakunan haya an ɗora a ruwa. In na buɗe hannuwa sai in taɓa bango da bango. Akwai gadaje masu faɗin bencin makaranta, da murhun gas, da banɗaki wanda sai ka yanke shawarar inda za ka fuskanta kafin ka shiga. Mai jirgin ya koya mana tuƙi cikin rabin awa ya miƙo makulli. Yaya ya sa na sake tambaya ko da gaske ya gama. "Ni shekara bakwai niy yi ina kwarfar ruwa kafin a bar ni in taɓa gwangwala." Sannan idonsa ya faɗa kan rufin jirgin: ga wata doguwar sanda a kwance, an tanade ta don ranar da jirgi ya kafe. Ya sauko da ita, ya auna nauyinta, ya ce gajera ce kuma icen banza ne, ya ajiye ta inda hannunsa zai kai.

Wanda ya ƙera jirgin nan bai san kunya ba. Hanya ɗaya ce daga goshi zuwa wutsiya, kuma ta cikin kowane ɗaki ta bi. Aka ba Yaya goshi, Kulu da mijinta wutsiya, ni a tsakiya kamar shingen kwastan. Wurin tuƙi kuwa a wutsiya yake. Don haka kullum da safe Yaya sai ya fita ta gaba, ya taka turbar gefen ruwa cikin sanyi, ya hau ta baya, don kar ya ratsa ɗakin 'yarsa. Wani Bature da ya ɗaure jirginsa kusa da namu ya tambaye ni ko ƙofar cikinmu ta lalace, yana da kayan gyara.

Nasiru ne ya fara tuƙi, don ya kalli bidiyo. Ƙarfen tuƙin nan in ka tura shi hagu jirgi dama yake yi, shi kuwa Nasiru mutum ne mai gaskiya, inda yake so nan yake turawa. Kafin azahar mun gaisa da gaɓar dama sau uku, ta hagu sau biyu, da gada ɗaya. Doka ta ce kar a wuce saurin tafiyar ƙafa, har wata mata mai tura jariri a keke ta wuce mu. Yaya na tsaye kusa da Nasiru yana tauna goro kamar goron ne ya yi laifin. Suruki ba a yi masa faɗa. Daga ƙarshe ya ce, "Sahabi, ka gaya ma mai gidan ɗiyarka jirgi ba jaki ba ne, ba a juya shi da haushi." Nasiru, da ke tsaye har kafaɗunsu na gogayya, ya jira na faɗa, sannan ya saki ƙarfen ya ja da baya. Yaya ya ɗora yatsu biyu. Jirgin ya miƙe kamar ya ji muryar hedimasta. Na tuna masa maganar Yawuri. Ya ce fasinja ma in ya ga za a halaka shi yana iya taimakawa.

Nan abin ya fara. A mashiginmu, in mutum na wancan ƙetare murya ba ta isowa, hannu yake ɗagawa. Mahaifinmu kuwa doka ɗaya tak ya bar wa gidanmu: ba a barin mutum a gaɓa. Da rana ko da hadari, na gida ko baƙo, wanda ya ɗaga hannu sai an je. A Ingila kuma duk wanda ya ga jirgi a kanal hannu yake ɗaga masa, kuma ba ya son komai, gaisuwa ce. Mutanen da za su zauna kusa da kai a jirgin ƙasa awa biyu ba su ce uffan ba, da sun gan ka a kan ruwa sai su zama danginka.

Na farko wasu tsofaffi ne, miji da mata. Suka ɗaga hannu, Yaya ya karya jirgi ya nufe su.

"Baba, gaya wa Baban Gulma gaisuwa ce!" in ji Kulu.

Na gaya masa. Ya ce, "Gaisuwa da baki a kan yi ta. Wanga hannu ne."

Muka isa gaɓa, ya yi musu nuni su shigo. Suka kalli juna, suka yi godiya sau biyar, suka ja da baya suna murmushi har suka kusa faɗawa cikin shinge. Gefen kanal laka ce, jirgi ya kafe. Yaya ya ɗauki sandar nan da ya raina, ya dogara, turi ɗaya muka koma tsakiya. Fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba tun kafin daminar bara. Kulu ta gani ita ma, ta harare ni.

Ranar mun tsaya wa wani mai gudun motsa jiki, da wasu 'yan mata masu ɗaukar hoto, da wani mutum a kan gada wanda ko yana so babu ta inda zai sauko. Ba wanda ya shiga. Da yamma Kulu ta tsare ni a kicin.

"Baba, saura kwana uku."

"Ina neman lokacin da ya dace."

"Tun daga Jega kake nemansa."

Kuskurena ne da na ba ta labarin hanya.

Rana ta biyu kyakkyawan zaton Yaya ga Ingila ya mutu. Muka wuce wani mai kamun kifi da ƙugiya, zaune kan kujera da kaya kamar zai buɗe shago. Ya jawo wani ƙaton kifi, Yaya ya rage gudu don girmamawa. Mutumin ya auna kifin, ya ɗauki hoto da shi, ya shafa bayansa, ya mayar da shi ruwa. Yaya ya yi salati. "Ka tambaye shi ko kifin na da ciwo." Lafiyarsa lau. "To ko rantsuwa yay yi?" Na ce wasa ne kawai. Ya ce a Argungu wanda ya yi haka gaban jama'a sai an nema masa addu'a. Da rana Nasiru ya sayo mana kifinsu na gari, an lulluɓe shi da fulawa an soya, babu kai babu ƙaya. Yaya ya juya shi ya ce kifin da ya ɓoye fuskarsa akwai abin da ya aikata. Dankalin kaɗai ya ci. Daga nan Kulu ta koma tuƙa tuwon shinkafa da miyar banda, ƙamshi na bin kanal.

Abu ɗaya da ya burge shi shi ne matakalar ruwa. In kanal ya iso tudu sai a shigar da jirgi wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya, a rufe, a sako ruwa daga sama, jirgi ya taso kamar ƙosai a cikin mai. Na zana wannan a allo shekara da shekaru. Ban taɓa faɗa wa ɗalibai cewa da ƙugu ake tura ƙofofin ba, kuma malamin labarin ƙasa ne ke turawa.

Bayan azahar muka sake kafewa, saboda wani mai keke da ya ɗaga hannu. Yaya ya dogara sanda ya tura, na ga fuskarsa ta canza. Jirgi ya fita, amma da hannun hagu ya ajiye sandar. Da muka tsaya sallar la'asar ina bayansa, na lura da ya ɗaga hannu zai yi kabbara na dama bai wuce ƙirji ba. Bayan sallama na ce, "Yaya, kafaɗar nan tun yaushe?"

Ya daɗe yana jan carbi. "Tun kafin ranar geron nan. Igiyar ruwan tun daga nesa nig gan ta, Sahabi. Hannu ne bai amsa ba." Ya ce kar in gaya wa ɗiyata. Na koma ɗauke da saƙo biyu, ɗaya an ce in faɗa na kasa, ɗaya an ce kar in faɗa.

Rana ta uku Yaya ya daina tsayawa. Masu ɗaga hannu suka yi ta ɗagawa, yana ɗaga musu na hagu yana wucewa. Na zaci karaya ya yi. Amma idonsa bai bar gaɓa ba. Wajen hantsi, a wani wuri da babu gida babu titi, ya rage inji.

"Ga mai son fito."

Muka duba. Wani tsoho ne can gaba, tsaye da sanda, ƙaramin kare a ƙafarsa. Bai ɗaga hannu ba, bai ma kalle mu ba.

Kulu ta ce, "Baba, don Allah ka ce masa wannan ko gaisuwar bai yi ba."

"Shi ya sa," in ji Yaya, yana kallona. "Kwana biyu ina karatun mutanen ga. Mai ɗaga hannu ba ya son komai. To mai so fa, mi zai yi? Dibi, ya aje jakarsa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma hanyar da tar rage mashi yake aunawa da ido. Haka mata masu ciki ka tsayawa a mashigi in kunya ta hana su kira."

Gefen wurin duk laka ne, sai da sanda. Yaya ya miƙa hannun dama wajenta, ya tsaya. Ni na san abin da ya tsayar da shi. Sai ya ɗauke ta da hagu ya miƙa wa Nasiru, kuma bai bi ta kaina ba. "Riƙe. Nan za ka kafa ta. Kar ka tura da hannu, jikinka za ka ɗora mata. Yawwa. Sake." Nasiru ya yi, jirgi ya kwanta jikin gaɓa.

Tsohon ya ce lafiyarsa lau, hutawa yake yi. Ya faɗa sau uku, da godiya kowane karo. Ashe su ma suna da fulako. Kulu ba ta saurare shi ba. Ta riga ta tsallaka, ta kama wuyan hannunsa, ta dubi leɓɓansa, muryarta ta koma wata da ban taɓa ji ba, ni da na raine ta. Ta ce ƙirjinsa ne. Ya fito yawo da kare ya yi nisa, ciwo ya kama shi, wayarsa na gida, kuma jirage biyu sun wuce ya ji nauyin ya dame su. Mota ba ta isowa wurin. Kulu ta kira motar asibiti ta ce su tare mu a gada ta gaba. Muka kama shi muka shigar. Karen ya biyo ba tare da neman izini ba, ya zaɓi gadona. Na tattare riga na kalli Yaya. Ya ce, "Mai fito ba ya zaɓen fasinja. An ɗauki jaki, balle wanga."

Yaya ya tuƙa. Dokar tafiyar ƙafa na nan, sai dai ranar ƙafar mai sauri ce. Ta ƙofar baya yana hango Kulu durƙushe gaban tsohon, ta jingina shi, ta ba shi ƙwaya ya tauna, tana ƙirga bugun jininsa tana yi masa hirar karensa don kar ya tsorata. Shekara talatin da biyar Yaya yana kawar da kai daga yarinyar nan. Ranar na ga yana kallonta, har sai da na ce masa ga gada a gabanmu. Masu motar asibiti suka karɓi tsohon. Karen ya wuni da mu har 'yar tsohon ta zo ɗaukarsa, ta ce mahaifinta ya tsallake. Ta rungume Kulu tana kuka, ta nufi Yaya shi ma, ya ja ni ya sa a gaba.

Bayan la'asar muna zaune a wutsiya mu uku, Nasiru na wanke-wanke a ciki. Na gyara murya, karo na ban san nawa ba tun Jega. Yaya ya riga ni.

"Sahabi, bar wahal da maƙogwaronka. Ka gaya ma ɗiyarka na san abin da yas sa anka ɗauko ni. Ba a kai tsoho Ingila don ya ga ana sakin kifi."

Na juya zan faɗa, Kulu ta ce, "Na ji, Baba." Kanta na ƙasa.

"Ka ce mata idona lafiya lau."

"Na gani yau," in ji ta.

"Kafaɗa ce ta ƙare. Gwangwala ta Garba ce daga bana. Amma ka ce mata ba ni zama gida ina jiran a kawo mani labarin gulbi. Wutsiyar jirgi zan zauna. Garba na da ƙarfi, amma ruwa kaɗai yake kallo, bai iya kallon gaɓa ba."

 Kulu so take ya bar ruwan gaba ɗaya. Amma ta ce, "To da rigar ruwa. Kullum. Kuma in mun sauka likita zai duba kafaɗar."

Na buɗe baki in isar. Yaya ya ɗaga mani hannun hagu. Ruwa yake kallo, amma ba da ni yake ba.

"Na ji. Ashe ke ma fito kike yi."

Kulu ta tashi da sauri ta shige ciki, ta ce albasa za ta yanka. Mun riga mun ci abinci.

Makon jiya gulbi ya cika, na je Gulma in gani da idona, don Kulu ta ce sai da hoto za ta yarda. Na iso mashigi jirgi ya ɗan tashi, bai yi nisa ba. Garba tsaye da gwangwalar, Yaya a wutsiya, rigar ruwa mai ruwan lemo a kan babbar riga, hannuwansa a cinya, idonsa a gaɓa. Ya gan ni. Na ɗaga hannu. Sai dai kaɗa shi na yi, hagu da dama, da murmushi, yadda na koyo. Yaya ya ɗaga nasa ya kaɗa mani da fara'a, ya ce wa Garba wani abu, jirgi ya ci gaba. Awa guda na yi a rana kafin su dawo. Da na yi ƙorafi ya ce, "Ai gaisuwa kay yi."

Tun zamanin mahaifinmu mutum ɗaya aka taɓa bari a gaɓar nan, kuma ni ne.